Na Je Tanut Neman Rago Mai Kitse a Wutsiya

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci, a bakin kasuwa, har a wurin ɗaurin aure sai wani ya matso ya ce, "Malam Lawali, ina ragon?" Wasu da gaske suke son ji, wasu kuma tsokana ce, kuma na san su ɗaya bayan ɗaya. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, kowa ya ɗauki inda ya yi masa daɗi ya ƙara gishiri. Shi ya sa na zauna na rubuta shi tun daga farko.

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina koyarwa a firamare a Kaura Namoda. Da na yi ritaya na koma gida Katuru, na tarar da tumakin da mahaifinmu ya bari suna hannun ƙanena Hamidu, wanda bai taɓa barin ƙauye ba. Uda ne, masu dogayen ƙafafu, gaba baƙi baya fari. Ragon garken muna ce masa Mairiga, don baƙin gabansa ya tsaya daidai tsakiyar ciki kamar wanda aka ɗinka masa. Tun kafin a haife mu Baba yake riƙe da wannan iri. In rago ya fara tsufa sai ya zaɓi ɗa guda a cikin 'ya'yansa ya bar shi, sauran su tafi. To Mairiga yana kan ƙarfinsa, babu wanda ya yi tunanin ajiye masa magaji. 'Ya'yansa maza na bara, biyu sun tafi a sunan jikoki, sauran a kasuwa. Shi kaɗai ne namijin da ya rage daga irin Baba.

Abin da ya dame ni shi ne bazara. Harawa ta ƙare, dusa ta yi wuya, tumaki su rame har ka ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Hamidu ya saba da ganin haka, ni kuwa ban saba ba. Ana cikin wannan sai Ɗanjuma, wani ɗan garinmu mai kai albasa Maraɗi, ya nuna mini hoto a wayarsa: rago mai wata irin wutsiya faffaɗa, cike da kitse. Ya ce a Tanut yake, arewa da Damagaram, wurin wani tsohon direba da ya kawo irin daga Libiya. Wai waɗannan tumaki a wutsiya suke ajiye abincinsu, yadda raƙumi ke ajiye nasa a tozo, yunwar bazara ba ta ko taɓa su.

Kwana uku ina juya hoton nan a raina. A na huɗu na kira Hamidu na gaya masa zan je in kawo ragon, in sauya irin garken gaba ɗaya, kuma ba na son Mairiga ya sake hawa tunkiya ko ɗaya kafin baƙo ya iso.

Ya ce, "Yaya, in dai don wannan na, sai in ɗaure shi gidan Kawu har ka komo."

Na ce, "Sau nawa yat tsinke igiya? Ran Alhamis ka kai shi kasuwar Shinkahi a dandaƙe shi. Mu turke shi, shi yi ƙiba, mu yi layya da shi."

Ya kalli ƙasa. Can ya ce, "Irin Baba na hwa, Yaya."

"Na san irin ko wa na. Kai ka yi karatu ko ni?"

Wannan magana ita ce ta fi ci mini rai a cikin duk abin da ya faru. Hamidu bai yi gardama ba. A gidanmu ƙane ba ya ja da wa, haka Baba ya tashe mu. Ya dai ce, "To, Yaya." Gaskiyar magana kuma, na ɗora masa aikin ne don ba na son a yi a kan idona.

Ranar Lahadi muka tashi da Ɗanjuma. Muka kwana Kaura wurin wani tsohon abokin aikina, Litinin da sassafe muka kama hanyar Zurmi zuwa Jibiya. Wanda ya san wannan hanya a 'yan shekarun nan ya san ba a binta da yamma, kuma ba a binta da surutu. Motoci suka jeru suka tafi tare. Wata mata a bayana tana ta jan carbi, direba ya kashe rediyo, babu mai ko tari. Sai da muka hango gidajen Jibiya sannan kowa ya tuna yana da baki, har aka fara rigima a kan wanda ya taka buhun wani.

A kan iyaka na yi abin kunyata na farko. Wani jandarma ya karɓi takarduna, ya yi mini tambaya da Faransanci. Ni kuma don in nuna masa ba da jahili yake magana ba, na gyara tsayuwa na zuba masa Turanci mai tsawo. Ya bar ni har na kai aya, sannan ya ce, "Baba, ina za ka, na ce?" da Hausar da ta fi tawa daɗi. Da na ce neman rago za ni Tanut, ya kira abokin aikinsa ya maimaita masa, suka yi dariya suka ce Allah ya kiyaye hanya. Muna wucewa kaɗan wayata ta ɗauke. Ɗanjuma ya ce layinmu ba ya aiki a nan, abin da muke ce wa sabis su rezo suke ce masa, sai in na sayi layinsu. Na ce wa zan kira? Na jefa ta aljihu.

A Maraɗi muka sauka gidan fatoman Ɗanjuma, mai masaukin 'yan albasa. Ɗaki ɗaya, tabarmi a jere, komai na warin albasa har ruwan alwala. Da safe aka kawo shayi da wani burodi dogo siriri mai ɓawo, wanda suke ɗauka a hammata ba ko leda. Na ce wa mai gidan a wurinmu wanda ya kawo wa baƙo burodi mai tauri haka sai a ce na jiya ne. Ya ce su kuma namu mai laushi da sukari, na masu jego ne. Muka rabu a haka, kowa na ganin ya yi nasara.

Ɗanjuma ya tsaya kan kayansa, ya sa ni a babbar mota da kwatancen gidan da za ni. Daga Maraɗi zuwa Damagaram ƙasar ba ta bambanta da tamu sosai ba. Sai da muka juya arewa na ga itatuwa suna raguwa, gonakin gero suna nisa da juna. Wani dattijon Buzu da ke kusa da ni ya ciro cuku daga jakarsa ya ba ni. Na ɗauka zai yi laushi kamar awara, na gartsa da ƙarfina, haƙorina na gefe ya amsa. Ya yi ta dariya a bayan rawaninsa, ya nuna mini jiƙa shi ake yi a shayi ko a daka a fura. Da ya ji abin da ya kawo ni sai ya dube ni ya ce, "Ku mutanen ruwa, me za ku yi da tunkiyar ƙishirwa?" Na ɗauka zolaya ce.

Da la'asar sakaliya ranar Talata na isa Tanut. Mai ragon, Alhaji Mamman, dattijo ne gajere mai fara'a, ya yi shekaru yana jan babbar mota tsakanin Agadas da Libiya kafin idonsa ya raunana. Ya karɓe ni kamar ya san ni. Aka ɗora shayi a ɗan buta kan gawayi. Na sha kofin farko, mai ɗaci kamar maɗaci, na yi godiya na miƙe na ce a kai ni in ga tumaki. Duk aka bi ni da kallo. Ashe kofi uku ake sha, kuma tashi a na farko kamar ka ce ba ka son zaman mutane ne. Na koma na zauna. Alhaji ya ce tumaki ba za su gudu ba, sai da safe.

Laraba da hantsi ya kai ni bayan gida. Na gan su, kuma ba zan ɓoye ba, sun burge ni. Gajeru ne, jikinsu duk ulu, ba gashi irin na namu ba. Wutsiyar babban ragon ta kai matashin kai, in yana tafiya tana rangaji. Na sa hannu na ɗaga ta, na ji nauyi da laushi. Alhaji ya ce in ragon ƙasar nan mai siririyar wutsiya zai hau irin waɗannan, sai mutum ya tsaya ya ɗaga masa wutsiyar tunkiyar da hannu. Na ce a Katuru wanda aka gani yana wannan aiki ya gama zama a majalisa. Da rana matarsa ta dafa taliya da jan miya irin ta Libiya, da kitsen wutsiya da aka soya. Ba ya daskarewa a baki kamar kitsen ciki. Na ci har na ji kunya.

Bayan mun wanke hannu na kawo maganar saye. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya tambaye ni yadda ƙasarmu take, ko akwai fadama, ko ruwa na kwanciya da damina. Na ce ƙwarai, har ƙafa na nutsewa a laka. Ya girgiza kai ya ce, "Bari a kira Zainabu."

Zainabu 'yar wansa ce, likitar dabbobi, mace mai kimanin shekara arba'in, ba ta da yawan murmushi. Ta gaishe ni ta zauna gefen tabarma. Na yi mata bayanin shirina yadda nake yi wa 'yan aji shida, ta saurara har na gama.

Ta ce, "Malam, abin da aka gaya maka rabinsa gaskiya ne. Kitsen nan gado ne, a jininsu yake. Kowace tunkiya tana tara kitse in ta ƙoshi, amma inda za ta ajiye shi, ƙwayoyin gadon da ta ɗauko daga uwa da uba ne ke faɗa. Waɗannan kakanninsu sun yi dubban shekaru a ƙasar da ciyawa ke fitowa 'yan makonni ta ɓace. Wadda ta iya tara guzuri a wuri guda, sauran jikinta ya zauna sakayau yana fitar da zafi, ita ta rayu ta haihu. Masu kiwo kuma suka riƙa zaɓen masu babbar wutsiya don suna son man. Haka abin ya kafu."

Na ce ai abin da nake so ke nan.

Ta ce, "Wutsiyar ba ta cika da iska, Malam. Sai ta ci ta ƙoshi tukuna. Kuma ƙishirwa da yunwa kawai ta gada ta sani. Ba ta san laka ba, ba ta san tsutsar cikin da ke fadama ba. Ulun nan in ya sha ruwan sama kwana biyu bai bushe ba. Ƙasan wutsiyar ya jiƙe, ƙuda ya samu wurin zama."

Alhaji ya karɓe. Ya ce ya taɓa ba mutanen kudu, abokan arziki, irin tumakin nan da hannunsa. Rani suka yi lafiya lau. Damina na tsayawa kofato ya fara ruɓewa, zawo ya biyo baya, babu wanda ya ga kaka. Ya ce, "In ka matsa zan ba ka, kai baƙona ne. Amma kashe shi za ka je yi."

Raina ya ɓaci, na fara musu. Na ce to in an haɗa irin fa, 'ya'yan su ɗauko nan su ɗauko can? Zainabu ta ce ana yi, amma aikin shekaru ne, da lura da zaɓe, kuma ba kai ke gaya wa ɗan tunkiya abin da zai ɗauko ba. Yana iya zuwa da 'yar wutsiyar da ba ta tara komai, ya kuma rasa juriyar uwarsa. Ta ce su kansu masu binciken ba su gama sanin abin ba. Sai ta tambaye ni wane iri nake da shi a gida.

Na ciro wayar, wadda ba ta da wani amfani sai hotuna, na nuna mata Mairiga. Ta karɓa ta buɗe hoton da yatsu biyu, ta daɗe tana dubawa. A nan na fara ganin murmushinta. Ta tambayi tun yaushe irin yake gidanmu, na gaya mata. Ta tambaya ko muna yawan asara da damina. Na yi tunani, na ga maƙwabta kan yi, amma mu da wuya.

Ta ce, "To ka gani. Ramar bazara da ke damunka, ruwa na sauka suke mayarwa, ko ba haka ba? Mahaifinku ya yi shekaru yana zaɓe, kowane zaɓe ya bar wanda ƙasarku ta yarda da shi. Abin da muke ta roƙon mutane kada su yar ke nan. Ka tanadi harawa da wuri, shi ke nan maganinka. Wannan ragon kuwa ku riƙe shi da kyau, ku ajiye 'ya'yansa."

Na tambayi Alhaji yau wace rana, alhali na sani. Ya ce Laraba.

Na gaya musu abin da na bar wa Hamidu. Zainabu ta miƙo mini wayarta. Na kira Hamidu ya fi sau goma, ba ta shiga. A Katuru sai mutum ya hau tudun bayan gari yake samun sabis, shi kuma ba mai hawa ba ne in ba dalili. Na kira maƙwabta biyu, haka. Daga ƙarshe na samu abokina na Kaura. Ya ce hanya ta riga ta yi yamma, amma gobe da sassafe zai ba wani direban Shinkafi saƙo, ya shiga kara, wurin sayar da dabbobi, ya nemi mai rago Uda daga Katuru ya ce a dakata.

Alhamis a mota ta same ni. Ban taɓa kallon rana yadda na kalle ta a wannan yini ba. Da hantsi na ce yanzu Hamidu ya kama hanya. Kusa da Damagaram taya ta fashe, muka zauna gindin wata ƙaya, fasinjoji suna ta raba dabino, ni ko ɗaya ban karɓa ba. Da azahar na ce yanzu direba ya same shi. Na riƙa faɗa wa kaina haka har na kusa yarda. Juma'a na tsallaka iyaka, wayata ta farfaɗo, saƙon abokina ya shigo: direba ya zagaya kara sau uku, bai ga kowa da irin wannan rago ba. Na yi hamdala a fili, har na kusa da ni ya waiwayo. Na ce Hamidu ya yi mini gardama karo ɗaya a rayuwarsa, Allah ya yi masa albarka.

Asabar da azahar na shiga gida. Hamidu ya taso ya karɓi jakata, ya yi mini sannu da hanya. Bai tambaye ni ina baƙon rago ba. Na leƙa bayansa na hango Mairiga kwance a inuwar rumbu, ya ware ƙafafun baya, dusa na gabansa bai taɓa ba.

Hamidu ya ce, "Na yi yadda kac ce, Yaya."

Na ce an aiko mutum, ya neme ka a kara bai gan ka ba.

Ya ce, "Ban shiga kara ba. Abokan Baba na nan ciki, ban so su gane mu. Bayan kasuwa niz zauna da shi, gindin tsamiya. Ina ta duban hanya ko ka aiko. Sai da mai dandaƙar yac ce shi za ya tashi, bayan la'asar, sannan nib ba shi igiya."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Na ce masa ya yafe mini, abin da ban taɓa ce wa ƙanena ba tun da aka haife shi. Ya ce, "Haba Yaya, ba komi," ya tafi ɗebo mini ruwa. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Tunkiya guda ce ta fito da ciki a cikin garken, muka zuba mata ido duk damina. Ta haifi mace. Zainabu, da na kira ta, ta ce jinin yana nan a jikin matan, ba duka ya tafi ba, mu nemi Uda mai kyau a kusa mu sake farawa. Na san gaskiya ta faɗa. Mairiga kuwa ya warke, ya yi ƙiba har mutane na tsayawa kallonsa. Da layya ta zo babu wanda ya iya kawo maganar yanka shi, muka sayi wani.

Makon jiya, bayan an gama yankan gero, muna zaune da Hamidu a ƙofar gida sai ga Gwaggo Tumba, wata tsohuwa daga ƙauyen da ke gaba da mu, tana jaye da tunkiyarta guda ɗaya. Ashe tun mijinta na da rai take kawo tunkiya gidanmu a yi mata barbara, Baba bai taɓa karɓar ko goro ba, Hamidu kuma ya ci gaba a haka. Ni da nake birni ban ma sani ba. Ta gaisa, ta ɗaure igiyar a turke kamar gidanta, ta ce a fito mata da ragon Malam, wato mahaifinmu, tana son ta koma kafin rana ta yi zafi.

Hamidu ne ya tashi ya durƙusa gabanta ya ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, ragon ba shi iyawa yanzu. An dandaƙe shi. Ni nik kai shi."

Ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, "Kai, Hamidu? Kai da ubanka yab ba amana?" Ta kwance tunkiyarta da kanta, ta ƙi yarda ya raka ta. Ina zaune ina ji, ina gani, har ta sha kwana ban ce uffan ba.

Ni na ce a yi. Hamidu bai taɓa so ba.